Kuɗin Iskar da ke Cikin Akwatin Lasifika

A ƙasar Haɗejiya lasifika tana da aikin da ya wuce na biki da kiran salla. A daminar 2020 da ta 2022, lokacin da kogi ya yi ambaliya ya shafe gonaki a Auyo da Kafin Hausa da Guri, amsa-kuwwar masallaci tana cikin abubuwan da mutane suka dogara da su wajen tara matasa su tare ruwa da buhunan yashi. Shi ya sa ba na ɗaukar tambayar yadda za a kawo kayan sauti daga waje cikin rahusa a matsayin ƙaramar magana. Kwamitocin masallatai da makarantun Islamiyya da masu hayar kayan biki suna yin ta, haka ma 'yan uwa da ke Jidda ko Landan masu son aiko da sadaka gida.

Abin da na fahimta daga bibiyar wannan harka shi ne, mafi yawan kuɗin dako ba na ƙarfe da waya ba ne. Na katako ne da iskar da ke cikinsa.

Kamfanonin jiragen sama suna auna kaya hanya biyu, sannan su caji wadda ta fi yawa. Ta farko ita ce sikeli. Ta biyu kuwa, a ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 6,000. A ɗauki akwatin babbar sifika mai inci 18 da aka naɗe a kwali mai santimita 80 da 70 da 70. Ko da kilo 40 ne nauyinsa, lissafin zai ba da kilo 65, kuma shi za a biya. Kamfanonin aika saƙon gaggawa irin su DHL da 5,000 suke rabawa, sai abin ya haura kilo 78. Ƙari a kan haka, maganaɗisun da ke bayan sifika yana iya sa a lissafa ta cikin kaya masu ƙa'ida ta musamman a jirgin sama, haka ma duk na'urar da ke ɗauke da batirin litiyam.

A jirgin ruwa da girman wuri ake ciniki. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kimanin mita 33 na kubik, kuma wanda kayansa ba su kai cika ta ba yakan shiga haɗaka da wasu 'yan kasuwa, ya biya gwargwadon wurin da ya ci. Wannan ce hanyar da galibin kayan Guangzhou suke bi zuwa Apapa da Tin Can, su ƙare a kasuwar Alaba ta Legas ko Sabon Gari ta Kano. Rahusarta gaskiya ce, sai dai tana cin makonni, kuma bayan teku akwai fom ɗin banki na shigo da kaya, da takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya, da harajin kwastam, da tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Kano. An buɗe tashar tsandauri ta Dala a Janairun 2023 domin rage wannan wahala, amma mai sifika huɗu ba shi ne mai kwantena ba. Abin da zai cece shi shi ne ya nemi dillalin haɗaka ya rubuta masa farashi guda, daga ɗauka har saukewa a Kano, da kwastam a ciki.

Shawarar da nake bai wa duk wanda ya tambaye ni ita ce a aiko da zuciyar, a bar gangar jikin. Sifikar kanta, ba tare da akwati ba, ba ta cika wuce kilo 15 ba, kwalinta kuma ɗan ƙarami ne. Akwatin kuwa kafinta zai iya haɗa shi a gida, muddin aka ba shi ma'aunin da kamfanin ya tsara kuma ya bi shi sau da ƙafa, domin faɗin ciki da girman ramin iska su ne ke fitar da amo. Idan aka yi da ka, an yi asarar sifika mai tsada. Ampilifaya ma haka: sababbin ƙira sun fi tsofaffin masu babbar taransifoma sauƙi nesa ba kusa ba. Wanda zai saya a Amurka kuma ya tabbatar na'urar tana karɓar wuta mai ƙarfin 230, domin tasu 120 ce. Da yawa sun ƙone tun ranar da aka fara jona su.

Saura lokaci, wanda 'yan uwanmu na waje suka fi mantawa da shi. Kayan da suka iso Kano a Agusta ko Satumba suna iya tarar da ruwa ya yanke hanya, kuɗin mota ya tashi, danshi kuma ya shiga takardar sifika da katako tun a sito. A shekarun nan azumi yana faɗowa a watannin Fabrairu da Maris, don haka mai son kayan tafsiri ya tura su a Oktoba ko Nuwamba, bayan ruwa ya janye, su iso cikin hunturu.

Tun da aka saki farashin naira a Yunin 2023, kowace dalar dako ta ƙara nauyi a aljihun mai bayarwa. Kafin ya biya ta, yana da kyau ya fara tambayar farashin kayan a Sabon Gari, domin wani lokaci ɗan kasuwar da ya cika kwantena ya riga ya ɗauke masa rabin wahalar. Idan kuma dole sai an aiko, to kuɗin da aka ceto daga dakon katako zai isa a biya kafinta a Haɗejiya, har a ƙara da batir da faifan sola, domin lasifikar ta yi magana a daren da ruwa ya zo babu wuta.