Ruwan pampo da kifayen ajinmu

Bara, bayan damina, wani masunci abokina ya kawo mini ƴan ƙananan karfasa guda takwas daga tabkin Madarumfa. Na zuba su cikin akwatin gilashi a kusurwar ajina na CM1 a nan Maradi, na shimfiɗa tsakuwa a ƙasa, na raba wa yara aikin kula da su mako-mako. Har waɗanda suka saba makara suka koma sammako don su leƙa kifi.

Wata Juma'a, yarinyar da ke da aikin makon ta zo ta ce, "Mushe, ruwan ya yi dauɗa, a sake musu?" Na ce a sake. Muka kwashe kifayen a bokiti, muka zubar da ruwan duka, muka wanke tsakuwar tas, muka cika akwatin daga pampon lakkol. Ruwa garau, har ina yaba mana.

Ran Litinin shida sun mutu. Yarinyar ta yi ta kuka, wai ita ta cika musu abinci. Ni kuwa na yi shiru, kuma wannan shirun ya fi mutuwar kifayen damuna har yau.

Laifin nawa ne. Ruwan pampo yana ɗauke da kulorin, dangin abin da ke cikin ruwan jabel, ana sa shi don kashe ƙwayoyin cuta. Ba na kushe shi ko kaɗan, shi ke tsare ƴaƴanmu daga amai da gudawa. Amma kifi da ruwan yake numfashi, kulorin kuwa yana ƙona jan naman nan na gefen kansa da yake jan iska da shi. Ga kuma tsakuwar da muka wanke: santsin da ke jikinta gidan wasu ƙwayoyin halitta ne masu amfani, su ke sarrafa amoniyar da ke fita daga kashin kifi kafin ta zama guba. Mun kashe su da hannunmu, muna cewa tsabta.

Sai ran Laraba na iya tsayawa gaban aji na faɗi haka. Na ce mata, "Ɗiyata, ba abincinki ba ne, ruwan da na ce a zuba ne."

Yanzu kashi ɗaya cikin huɗu kawai muke sakewa duk mako. Ran Laraba a tari ruwa a babbar roba mai faɗin baki, a bar ta buɗe cikin aji, kulorin ya fice sannu a hankali, ran Juma'a a zuba. Kwana biyun nan suna da wani amfani: ruwan yana daidaita da zafin ɗaki, don a watan Afrilu wanda ke fitowa daga bututu kamar na shayi yake. Tsakuwa kuwa da tsohon ruwan akwatin muke ɗauraye ta. A wasu ƙasashe kuloramin ake sawa, shi ajiya ba ta fitar da shi, sai an ɗiga maganin da masu sayar da kayan kifi ke sayarwa.

Biyun da suka rage sun girma har akwatin ya yi musu kaɗan. Yarinyar nan ce ke rubuta ranar tarar ruwa da alli a jikin robar, kuma ko ni ba ta bari in taɓa kafin kwanakin su cika.