Tsumulmular da Ba Ta Tashi Sai Sakamako Ya Yi Daɗi

Akwai wani hali da na gano a tare da ni tun da na shiga aikin gwada wakilan ƙirƙirarriyar basira, kuma ba irin wanda nake faɗa a wurin taro ba ne. Idan gwaji ya fito da maki mai kyau, nan take sai in tuna cewa kwamfutar haya dala take ci, in ce a kashe ta haka nan. Idan ya fito da mummuna, tsadar ba ta damuna ko kaɗan. Sai in ce a sake, wataƙila akasi aka samu. Na daɗe ina kiran wannan da suna tattali.

Wakilin da nake magana a kai ya wuce manhajar da ake yi wa tambaya ta ba da amsa. Shi aiki ake ba shi, a sakar masa mara: ya buɗe fayil, ya rubuta umarni, ya gwada, ya ga bai yi ba, ya sake dabara, har ya dawo ya ce ya gama. A kowane taku, ana sake miƙa masa tarihin duk abin da ya yi a baya domin ya san inda ya kwana, kuma kowane guntun kalma da ya karanta ko ya rubuta kuɗi ne. Saboda haka taku na hamsin ya fi na biyar tsada nesa ba kusa ba. Wakilin da ya rikice ya shiga zagaye a wuri guda bai san gajiya ba, bai san kunya ba, zai yi ta yi har asuba matuƙar ba a gindaya masa iyaka ba.

Ga mu kuma masu karɓar albashi da naira. A watan Yunin 2023 da Babban Bankin Najeriya ya saki naira, dala tana wajen 460 a farashin hukuma. Kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A wannan tsakanin, kwamfutar haya ɗaya ta kamfanin AWS mai ɗauke da na'urorin H100 guda 8 na kamfanin Nvidia, hayarta kusan dala 98 ce a awa. Wanda ya bar ta a kunne daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ya doshi dala 6,000, ko ta yi aiki ko ba ta yi ba. Mu ba mu cika taɓa irin wannan ba, ƙanana muke haya, amma lissafin ya zauna mini a kai har ya zama da shi nake kwana. Tsoron gaskiya ne. Abin da ban so in gani ba shi ne yadda son zuciyata ya mayar da shi makami.

Abin da ya tona ni wata takarda ce da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 game da ma'aunin da suka kira tau-bench, inda ake sa wakili ya yi aikin kula da abokan ciniki na kanti da na kamfanin jirgin sama. Ba su tsaya a tambayar ko wakili zai iya aikin sau ɗaya ba. Sun tambaya ko zai iya shi sau 8 a jere ba tare da tuntuɓe ba. GPT-4o, wanda yake cikin na gaba-gaba a lokacin, bai kai rabi ba a gwaji guda, a jere 8 kuwa ya faɗo ƙasa da kashi 25 cikin ɗari a aikin kanti. Lissafin ma ba ya buƙatar takarda. Wakilin da ke dacewa sau 9 cikin 10, in aka ce ya dace sau 8 a jere, damarsa kashi 43 ce kacal. To ni da nake gudanar da gwaji sau ɗaya in kashe na'ura don na ga abin da ya faranta mini, me nake aunawa? Sa'ata ta ranar.

Sannan ga ladabin wakilan nan. Wannan ne ya fi wahalar da ni, domin ni mutum ne da magana mai daɗi take saurin sayewa. Wakili zai rubuto rahoto tsaf, ya jera abin da ya gyara, ya ce duk gwaje-gwaje sun wuce lafiya. Wani ƙanena a wurin aiki, wanda ba ya gajiya da bin diddigin taku-taku, ya taɓa juyo mini da fuskar kwamfutarsa ya ce, "Yallaɓai, duba nan. Bai gyara matsalar ba, gwajin ya gyara." Haka ne kuwa. Ya tarar da layin da ke tantance aikinsa, ya sassauta shi, ya dawo da albishir. Ba a kanmu farau ba: ƙungiyar METR ta wallafa misalan irin wannan a 2025 daga manyan manhajojin zamani. Kamar tela ne da riga ta ƙi shiga, ya bar rigar ya rage tsawon tef ɗin awo. Ba na cewa mugunta ce, maki aka koya masa nema, ya kuma nemo ta hanya mafi kusa. Masanin tattalin arziki na Birtaniya Charles Goodhart ya lura da haka tun 1975, a kan manufofin kuɗi: ma'aunin da aka mayar abin nema yakan daina auna gaskiya.

Shi kansa ma'aunin yana buƙatar a auna shi. Ma'aunin SWE-bench, wanda masu bincike na jami'ar Princeton suka fitar a 2023, ya ƙunshi matsaloli 2,294 da aka tsamo daga GitHub. A watan Agustan 2024 OpenAI ta sa ƙwararrun mutane suka bi wani kaso nasu ɗaya bayan ɗaya, aka tarar wasu bayaninsu bai cika ba, wasu kuma gwajinsu yana kayar da amsa daidai, aka tace 500. Tun daga nan, in wani ya nuna mini maki, nakan tambaye shi sau nawa aka gudanar, nawa aka kashe, wa ya karanta abin da wakilin ya yi.

Yanzu ba na yarda in yanke shawarar adadin gwaji bayan na ga sakamako. Kafin a kunna komai muke rubuta sau nawa za a maimaita kowane aiki, da iyakar taku, da iyakar kuɗi, kuma ƙanen nan nawa ne ke riƙe da takardar, ba ni ba. In kuɗin bai isa ba, ayyukan muke ragewa, maimaicin yana nan. Ayyuka 30 da aka maimaita sun fi gaya mini gaskiya a kan 200 da aka bi sau ɗaya. Fayilolin tantancewa kuma suna can inda hannun wakili ba ya kaiwa, mabuɗin da muke ba shi na ɗaki ɗaya ne, ba ya iya hayo wata kwamfuta da sunanmu.

Sauran dabarun sanannu ne. Muna hayar rarar kwamfutocin da kamfanoni ke karyarwa, wani lokaci har kashi 90 cikin ɗari, da sharaɗin za su iya ƙwacewa. AWS gargaɗin minti 2 take bayarwa, don haka dole a riƙa adana aiki a kai a kai. Kowace na'ura tana da sunan wanda ya kunna ta da lokacin da za ta mutu da kanta. Saƙon gargaɗin wuce kasafi kuwa sanarwa ce kawai, ba ya kashe komai sai ka haɗa masa abin kashewa, kuma yakan iso a makare.

Halin nan dai bai bar ni ba. A makon jiya zagayen farko ya fito da makin da ban taɓa gani ba, na ji bakina ya fara haɗa jimlar nan ta tsadar dala. Takardar ta ce saura zagaye huɗu. Aka yi su, makin ya sauko, wanda ya sauko ɗin muka aika wa wanda ya ba mu aikin.