Ƙudurin Shekara da Tsarkiyar Kuntigi

Mu da muke koyar da Hausa a nan kudancin ƙasa muna da sabuwar shekara har guda uku. Akwai ta Muharram, wadda kan matso da kwana 10 ko 11 a kowace shekara, akwai ta Janairu, sannan ga ta zangon karatu, wadda ita kuma ba a yi mata rantsuwa, domin sai yadda yajin aiki ya yi da ita. A kowace ɗaya daga cikin ukun nan mutum kan zauna ya yi wa kansa lissafi, ya ce bana zan yi kaza in bar kaza. To mu a wannan sashe, malamai da ɗalibai, mun saba da rubuta namu ƙudurin a wani tsohon littafi da ke ajiye a ofis, kuma duk mai son sanin halinmu ya buɗe shi ya karanta.

Abubuwan da ke ciki yawancinsu na boko ne: a kammala kundi, a gabatar da maƙala, a fitar da wannan mujalla kan lokaci. Waɗannan wasu sun samu, wasu suna nan tafe, kuma ba su ne abin zancenmu ba. Wanda ya tsaya mana a rai shi ne wani ƙuduri da ya yi shekara huɗu yana sake bayyana a shafukan littafin, wato cewa kowane ɗayanmu ya koyi kaɗa wani abin kiɗa na Hausa da hannunsa, kuma idan hutun Sallah ya zo mu fito gaban jama'a mu kaɗa.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya kai malamin adabi ga wannan? Maƙwabtanmu ne suka jawo. A kowane watan Disamba, kafin a tafi hutun Kirsimeti, akan yi daren waƙe-waƙe a wannan jami'a, kuma a can za ka ga farfesan likitanci ya tsaya cikin sahun mawaƙa, riƙe da takarda, yana bin umarnin wani yaro da bai wuce sa'ar ɗansa ba. Wani malamin lissafi yana kaɗa fiyano, wani na shari'a ya rungumi gangar nan ta Yarbawa da suke kira dundun, wadda 'yar uwa ce ta jini ga kalangunmu. Ba wanda ya ce girmansu ya zube. Ɗalibanmu Kirista da suka fito daga Filato da kudancin Kaduna su ma sukan shiga, su rera waƙoƙin coci da Hausa tsantsa, har jama'a su miƙe tsaye. Mu kuwa da muka yi digiri a kan waƙa sai mu zauna a kujera muna tafi.

Dalilin wannan zaman kujera ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar Hausa kiɗa sana'a ce, kuma galibi ta gado, tana tafe da roƙo. Makaɗi yana da ubangida, yana da abin da yake nema a wurinsa, kuma al'umma ta ajiye shi a wani matsayi da ba kowane uba ne zai so ɗansa ya sauka a kai ba. Tun a 1957 M. G. Smith ya yi rubutu a kan wannan matsayi na maroƙa. Saboda haka tunanin a ce mutum ya ɗauki garaya don jin daɗin kansa kawai, ba ya neman ko sisin kowa, baƙon tunani ne a wurinmu. Hasali ma ko kalma guda ba mu da ita da za ta ɗauki ma'anar. Sai dai mu yi kewaye mu ce abin sha'awa, ko abin ɗebe kewa. Idan aka ga mai rawani ko mai digiri da molo a hannu, tambayar farko ita ce, lafiya?

Abin mamaki kuma shi ne jami'a ta daɗe da karrama makaɗa. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a Jami'ar Indiyana ta Amurka a 1975, daga baya kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shatan kansa digirin girmamawa. Ɗan Maraya ya samu irin wannan daga Jami'ar Jos. David Ames da Anthony King sun fitar da littafinsu na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya shimfiɗa mana hanyar nazarin waƙar baka da muke koyar da ita har gobe. Ashe ke nan mun yarda mu sa wa makaɗi hular digiri, mun yarda mu ci abinci da nazarin fasaharsa, amma hannunmu bai yarda ya taɓa abin da ya taɓa ba. A ganinmu wannan girmamawa ce ta nesa-nesa, irin wadda ake yi wa wuta.

A shekarar farko ta ƙudurin abin da muka iya shi ne tara kayan. Wani ɗalibi ya zo da kalangu daga gida, muka sami kukuma da gurmi ta hannun wani dattijo a Sabo, kuntigi kuwa a nan muka harhaɗa shi, tun da ba wani abu ba ne illa gwangwanin kifi da aka rufe da fata, aka soka masa sanda, aka ɗaura tsarkiya guda. Da wannan ɗan abu ne Ɗan Maraya, wanda ya rasu a 2015, ya zaga duniya. Duk wanda ya riƙe shi a hannu ya ji rashin nauyinsa, ya kuma gwada fitar da amo biyu masu ma'ana daga cikinsa, to daga ranar zai canja irin kallon da yake yi wa mutumin.

A nan ne muka tsinci ribar da ba mu ƙudurta ba. Shekara da shekaru muna rubuta waƙoƙin baka a allo, muna yanka su layi-layi, muna nuna wa ɗalibai ga gindin waƙa, ga ɗiyanta, ga inda jagora ya tsaya 'yan amshi suka karɓa. Duk wannan daidai ne. Amma takarda ba ta nuna dalilin da ya sa mawaƙi ya ja wannan gaɓa ya haɗiye waccan, ko ya maimaita kalma sau uku ba tare da ma'ana ta buƙaci haka ba. Sai da muka zauna muna bugun kalangu, muna matse tsarkiyoyinsa a hammata don amo ya hau, muna saki don ya sauka, sannan muka ji a jikinmu cewa kiɗan ne ke riƙe da lokaci, mawaƙi kuwa cika gurbi yake yi, wani wuri ya tsuke wani wuri ya shimfiɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti, akwai na sama da na ƙasa da mai faɗuwa, ga kuma dogon wasali da gajere. Kalangu yana kwaikwayon waɗannan, shi ya sa ake cewa yana magana. Wani ɗalibinmu da ya yi zango biyu yana faɗuwa a darasin karin sauti, wata uku da fara bugun kalangu sai ga shi yana gyara wa 'yan ajinsu. Haka nan sauraron Narambaɗa da Ɗanƙwairo ya sauya mana; a da kalmomi muke bi, yanzu kunnenmu kan tafi wajen kotso ya ji inda yake jiran mai waƙa da inda yake tura shi gaba.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai daga cikinmu wanda ya ce shi imaninsa bai natsu da kayan kiɗa ba, kuma saɓanin malamai a kan wannan mas'ala tsoho ne, ba mu ne za mu raba gardamar ba. Shi ya zaɓi rera rubutacciyar waƙa da murya zalla, kuma ya fi mu duka samun tafi. Wata ɗaliba kuma ta ce idan labari ya kai gida cewa an gan ta da kukuma, to karatun nata ya ƙare. Wannan ba abin wasa ba ne, ba mu kuma matsa mata ba. Ita da ƙawayenta suka kife ƙwarya a ruwa suka yi kiɗan amada irin na Barmani Coge, wanda a cewarsu ko a cikin gida iyayensu mata suna yi.

Wasan Sallah na farko da muka yi a shekara ta uku ne, a wani ɗakin lacca da aka ba mu aro. Jama'ar Sabo sun zo, mahauta da 'yan goro da masu canji, kuma su ne alƙalan da muka fi jin tsoro, domin mahauci ya san kalangu tun yana goye. Sun yi mana dariya inda ya kamata, sun kuma yi mana kara. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne da muka hana liƙi. Wani dattijo ya taso da kuɗinsa a hannu, aka ba shi haƙuri, ya tsaya yana juyayi, ya ce to in ba a karɓar kuɗi don me ake kiɗan? Tambayarsa tana da nauyi, domin a tsarin da ya sani kyauta ita ce shaidar cewa waƙa ta isa inda aka aike ta, hana shi bayarwa kuwa kamar hana shi amsa sallama ne. Har yanzu muna muhawara a kai. Wasu sun ce a bari a yi liƙin a zuba a asusun mujalla, wasu sun ce da zarar kuɗi ya shigo to mun koma inda muka fito.

Wani abokin aikinmu Bayarabe da ya halarta ya ɗauki kukumar ya jujjuya, ya ce ai wannan ƙanwar goje ce, irin wanda marigayi Yusuf Olatunji ya yi suna da shi a kiɗan sakara. Sunan ma bai canja sosai ba daga gogenmu. Ya nemi a sa shi a wasa na gaba, mun kuma amince.

A shafin bana na littafin nan an rubuta abu uku. Na ɗaya, a nemi makaɗin gaske daga Sabo ya riƙa zuwa duk ranar Asabar yana koya mana, a biya shi kamar yadda ake biyan kowane malamin wucin gadi, a kuma kira shi malam. Na biyu, a yi wasa sau biyu, ɗaya da Babbar Sallah ɗaya a Disamba, don kowane ɗalibi ya sami nasa. Na uku kuwa ƙarami ne amma ya dame mu: laimar kudu tana sa fatar kalangu ta saki, muryarsa ta dushe, sai an gasa shi a gefen wuta kafin ya yi magana. An ɗora wa 'yan aji biyu alhakin nemo gawayi da kasko, da kuma shawo kan masu gadi su bar mu mu hura wuta a bayan ɗakin lacca.