Sandar hasken da Curtis ya gani

Da bazara, in zafi ya kori mutane suka kwanta a tsakar gida, akwai wani garken taurari da ke bi ta saman Maraɗi da Damagaram, kusan daidai tsakar ka. Ido ba ya ganinsa. Sunansa M87. Haskensa yana yin shekara wajen miliyan 55 bisa hanya kafin ya iso, alhali haske yana cin kilometir 300 000 cikin sakan guda.

Heber Curtis mutumin Amurka ne. Da farko Latin da Girkanci yake koyarwa, daga baya sha'awar taurari ta ɗauke shi. A shekarar 1918 ya ba da labarin abin da ya gani cikin hoton M87: wani siririn haske, miƙaƙƙe kamar sanda, ya fito daga tsakiyar garken. Bai san ko mene ne ba. Ya dai rubuta abin da ya gani, bai ƙara gishiri ba. Har ya rasu a 1942 ba a gano asalin sandar ba.

Yanzu an sani. A tsakiyar M87 akwai baƙin rami, wanda nauyinsa ya kai na rana miliyan 6 500. Abin da ya faɗa ciki ba ya fitowa, ko da haske ne. Amma ba duk abin da ya kusance shi ke faɗawa ba. Iska mai zafi tana kewaya bakinsa kamar guguwa, ƙarfin maganaɗisu kuma yana harba wani sashe nata waje, da gudu kusan na haske. Ita ce sandar Curtis. Tsawonta tafiyar haske ce ta shekara dubu 5.

Daga nan wani haske ke fitowa, ana ce masa gamma. Ya fi wanda likita ke ɗaukar hoton ƙashi da shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Sa'armu, iskar duniya tana tare shi. In ya bugi iskar sai ya yi ɗan walƙiya shuɗiya, wadda ko ƙiftawar ido ta fi ta daɗewa. A Namibiya, cikin Afirka, madubban H.E.S.S. suna tsaron wannan walƙiya cikin dare marar wata. A 2005 suka ga gamma na M87 yana ƙaruwa yana raguwa cikin ƴan kwanaki. Abu mai faɗi ƙwarai ba ya canjawa da sauri haka, domin shi kansa haske sai ya ɗauki lokaci kafin ya ratsa shi. Ke nan wurin da gamma ke tashi ƙarami ne.

A 2019 aka nuna wa duniya hoton inuwar ramin. Har yau masana suna gardama: daga bakin ramin gamma ke tashi, ko kuwa can gaba, a jikin sandar?