Rigar Aro a Gaban Mai Hoto

Jama'a, ran da aka ce mai hoto zai zo makarantarmu a Batsari, kwana uku ba mu huta ba. Muka yi aski, muka aro riga mai aska takwas wurin wani attajiri, muka kai ta mabuga, har rogo muka ƙaurace wa don kada mai ya ɗiga mata. Mai hoto ya ce kada mu ƙifta. Muka ƙame kamar dogarai.

To, muka aika wa tsohuwarmu hoton can Safana. Ta duba, ta ce ashe malanta ta yi albarka. Ba a yi mako ba sai ga ƙaninmu da saƙo: a gyara rufin ɗakinta kafin damina. Rigar kuwa tuni ta koma wurin mai ita.