Ɗan Dako a Hanyar Macu Picu

A ƙetaren Tekun Atlantika, can a Amurka ta Kudu, akwai wata ƙasa da a ke kira Peru. In ka dubi taswira za ka ga wasu duwatsu sun miƙe ta gefen yamma na nahiyar nan, tun daga arewa har kudu, kamar ƙashin bayan dabba. Su ne duwatsun Andis. A cikinsu ne wata al'umma ta yi mulki a zamanin da, sunanta Inka. Babban birninsu shi ne Kusko, yana nan har yau cike da mutane.

Mutanen Inka ba su da doki, ba su da amalanke, ba su ƙera baƙin ƙarfe, ba su kuma da rubutu irin na takarda. Duk da haka sun yi hanyoyi waɗanda tsawonsu ya kai kilomita 30,000. Inda suka tarar da kwazazzabo sai su ɗaura gada ta igiyar ciyawa, inda suka tarar da hawa kuwa sai su jera matakala ta dutse. Manzannin sarki ke bin hanyoyin nan a guje. Wannan ya yi nasa gudun ya miƙa wa na gaba saƙo, shi ma ya sheƙa ya miƙa wa wani, har saƙon ya isa fada.

Akwai wani yanki na hanyoyin nan da ya fi sauran suna yanzu, domin shi ke kai mutum wani tsohon birni a kan dutse, wanda a ke kira Macu Picu. Tafiyar kwana huɗu ce a ƙasa, wajen kilomita 43. Baƙi na zuwa daga ko'ina cikin duniya don su bi ta. Amma gwamnatin Peru ta kafa dokoki. Ba mai shiga shi kaɗai, sai tare da jagora mai takardar izini. Mutum 500 kaɗai a ke bari su shiga a rana, wajen 300 daga cikinsu kuwa ma'aikata ne, watau jagorori da masu dafa abinci da 'yan dako. A watan Fabrairu, sa'ad da ruwan sama ya fi ƙarfi, a kan rufe hanyar a gyara ta. Ba a kuma bin ta da dabbobin dako, don kofato na ɓata matakala. Saboda haka tanti da tukunya da abinci, duk a bayan mutum su ke tafiya.

To, a wani ƙauye bisa tudun da ke saman garin Olantaitambo akwai wani saurayi ɗan shekara 19. Mutanen ƙauyen suna magana da harshen Kecuwa, harshen da sarakunan Inka suka yi mulki da shi, sana'arsu kuwa noman dankali. Dankalin nan da Hausawa ke ce wa na Turawa, ba na Turawa ba ne tun asali. A duwatsun Andis aka fara noma shi shekaru dubbai da suka wuce, Turawan Sifen suka ɗauka suka kai ƙasarsu, daga can ya bazu cikin duniya.

A shekarar nan sanyi ya ƙone musu gona, ko iri ba su samu ba. Uban saurayin ya rasu, ga uwa ga ƙanne uku. Yana da wani kawu wanda ya daɗe yana dako a hanyar Macu Picu, shi ne ya je ya roƙar masa aiki. Shugaban 'yan dako ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya ce, "A gwada shi tafiya ɗaya. In ya iya, to. In ya kasa, kada ka sake kawo mini shi."

Ayarin ya taru da safe a wani wuri da a ke kira Kilomita 82, a bakin kogin Urubamba. An sa masa wannan suna ne don nisansa ke nan daga Kusko a hanyar jirgin ƙasa. Baƙi 12 ne, da jagora, da kuku, da 'yan dako 18. Kafin a haye gada sai da ma'aikatan gwamnati suka aza kayan kowane ɗan dako a kan ma'auni, gama doka ta hana a ɗora wa mutum fiye da kilo 20. Doka ce mai kyau, don kafin a yi ta a kan labta wa mutum ninkin haka, ya tsufa tun yana yaro. Kayan saurayin suka nuna kilo 22. Kawunsa ya kwance ɗaurin, ya zare ƙullin sukari ya ba wani mai sauƙin kaya, sa'an nan aka bar su suka wuce.

Tafiyar ranar farko ba wuya. Suka bi gefen kwari, suka hango kangon wani gari na Inka a ƙasa, da gonakinsa hawa-hawa kamar matakalar bene. Da la'asar suka sauka a Wailabamba, ƙauye na ƙarshe a hanyar. A ran nan saurayin ya gane yadda aikin ya ke. Ɗan dako ne ƙarshen barin zango, don sai ya naɗe tanti ya wanke tukwane. Shi ne kuma farkon isa zango na gaba. Tilas ya cim ma baƙi a hanya, ya wuce su da kayansa, ya kafa tanti, ya ɗora ruwan zafi kafin su iso.

Rana ta biyu ita ce abin tsoro. Wailabamba tana wajen mita 3,000 sama da teku, wurin da za a ƙetare dutsen kuwa mita 4,215 ne. Sunansa Warmiwanyuska, watau Matacciyar Mace, don in ka hangi dutsen daga nesa sai ka ce mace ce kwance rigingine. Ba tsawon hawan kaɗai ke wahal da mutane ba. Gwargwadon yadda mutum ya hau sama, gwargwadon yadda iska ke raguwa, har ya zama numfashi ɗaya ba ya yi masa abin da ya ke yi masa a ƙasa. Wanda bai saba ba sai kansa ya yi ta sarawa, zuciyarsa ta yi ta tashi, ƙafafunsa su mutu. Mutanen Peru na kiran wannan ciwo soroce. Shi ya sa a kan ce wa baƙo ya huta kwana biyu ko uku a Kusko tukuna, jikinsa ya saba.

Saurayin ɗan tudu ne, iska ba ta dame shi ba. Kayan ne suka dame shi. Tun hantsi igiya ta fara cin kafaɗarsa. Ya ɗaga kai ya dubi ƙolin, ya ga kamar ja da baya ya ke yi. Kawun ya lura, ya matso ya ce, "Ɗana, bar duban sama. Dubi dutsen da za ka taka, in ka taka shi ka dubi na gaba. Rage tsawon takinka." Ya ba shi ganyen koka ya cusa a kumatu, gama mutanen Andis na tauna ganyen nan don rage gajiya. Suka ci gaba, ba mai cewa uffan. Itatuwa suka ƙare, ya rage sai ciyawa da iska mai sanyi. Da azahar suka kai ƙolin. Ba su zauna ba, suka gangara ta ɗaya gefen, suka sauka wajen mita 600 zuwa zangon da ke cikin kwarin Pakaimayo.

An kafa tanti, baƙi 11 sun iso, rana ta yi gora, sai jagora ya yi magana ta oba-oba. Ya ce yana can kusa da ƙolin tare da baƙo na 12, wani dattijo, soroce ya kama shi, ba ya iya taku goma bai zauna ba. Lalle a sauko da shi kafin dare, don a can sama ciwon ƙaruwa ya ke yi, ga sanyin da ke daskarar da ruwa. Shugaban 'yan dako ya ce, "Wa zai koma?" Kowa ya yi shiru, gama kowa ya gaji liƙis. Ƙafafun saurayin na rawa, amma ya miƙe. Kawun ya ce, "Za ka iya kuwa?" Ya ce, "Kawu, ai yanzu ba kaya."

Ya ɗauki bargo da tocila da butar shayi mai zafi, ya sake hawan abin da ya sauko ɗazu. Ya tarar da dattijon zaune a kan dutse, leɓunansa sun yi shuɗi, jagora na shaƙa masa iska daga kwalba. Dattijon ba ya jin Kecuwa, saurayin kuma ba ya jin harshen dattijon. Bai tsaya neman magana ba. Ya lulluɓa masa bargo, ya ba shi shayi, ya rataya jakarsa, ya kama hannunsa ya aza a kafaɗar da igiya ta ci. Suka dinga sauka matakala ɗaya-ɗaya. In dattijon ya ɗaga kai yana neman wutar zango, sai saurayin ya haska masa dutsen da ke gabansa. Sai bayan lisha suka iso. Da gari ya waye ciwon ya yi sauƙi, dattijon ya sha kunun hatsi, ya ce zai ci gaba.

Rana ta uku ta fi tsawo, ta kuma fi kyaun gani. Suka wuce Runkurakai, wani ɗan gini kewayayye, suka ƙetare wani ƙoli kuma, suka wuce Sayakmarka da ke maƙale a bakin dutse. A wani wuri hanyar ta shige ta cikin dutse ta ɓulla gaba. A Puyupatamarka, watau Garin da ke Bisa Gajimare, ruwa na gudu har yanzu cikin magudanan da Inka suka sassaƙa. Daga nan sai gangara, matakala fiye da 1,000, har gwiwa ta yi ta ƙara. Sanyi ya ragu, aka shiga kurmi mai furanni da ƙananan tsuntsaye. Zangon ƙarshe sunansa Winyai Waina. Ba ruwan sunan da wainar da a ke toyawa a tanda, ma'anarsa Mai Ƙuruciya Har Abada. Daren nan baƙi suka tara tukuici suka ba ma'aikata, kamar yadda aka saba. Shugaban 'yan dako ya wuce ta kusa da saurayin, ya ce masa, "Ran Litinin akwai wani ayari. Ka zo da wuri."

Tun wajen ƙarfe 3 na dare aka tashi kowa. Baƙi suka jira a bakin shinge har ƙarfe 5:30 da aka buɗe, suka yi tafiyar sa'a guda da 'yan kai, suka hau wata matakala mai tsayi wadda sai an haɗa da hannu. Sai ga su a Inti Punku, watau Ƙofar Rana, gama rana mutanen Inka ke bauta wa. Hazo ya yaye, sai ga Macu Picu a ƙasa, shimfiɗe a kan doron dutse, kogi ya kewaye shi ta gefe uku.

Wani sarki mai suna Pacakuti aka gina wa birnin, wajen shekarar 1450. Akwai gine-gine wajen 200. Waɗanda suka fi kyau an yi su ne da duwatsun da aka goge aka haɗa ba laka ba siminti, ko bakin wuƙa ba ya shiga tsakaninsu. Ƙasar Peru na yawan girgiza, amma bangayen nan na tsaye. A 1532 Turawan Sifen, da shugabansu Pizaro, suka kama sarki Atawalpa, a 1533 suka kashe shi suka ci Kusko. Mutanen Macu Picu suka watse, kurmi ya rufe birnin, Turawan ba su taɓa isa gare shi ba. Sai a watan Yuli na 1911 wani malamin jami'a Ba'amurke, Hiram Bingham, ya je ya ɗauki hotuna ya ba duniya labari. A kan ce shi ya gano birnin. Amma fa wani manomi ne na kwarin ya kai shi, ya kuma tarar da wasu manoma na shuka a tsofaffin gonakin, har wani ɗan yaronsu ne ya zaga da shi cikin kangon.

Dattijon ya daɗe tsaye a Ƙofar Rana. Can sai ya waiwaya yana dube-dube, ya tambayi jagora ina saurayin nan, yana so su tsaya tare. Jagora ya ce, "Ai 'yan dako ba su biyowa ta nan."

Haka kuwa abin ya ke. Tun da duhu suka naɗe tantuna, suka bi wata 'yar hanya mai santsi da ke gangarawa bakin kogi, suna gudu da tocila a goshi, don jirgin ƙasan da ke ɗaukarsu da asuba ya ke wucewa, ba ya kuwa jiran kowa. Suka cim masa da kyar. Da suka zauna, saurayin ya ciro kuɗinsa ya ƙirga, ya ga za su sayi irin dankali har a sami ragi. Ya ƙulle su a bakin zanen da ya ke ɗaure kaya da shi. Sa'an nan ya leƙa ta taga ya ɗaga kai, bai ga kome ba sai bangon dutse da gajimare.

Ya ce, "Kawu, yaya birnin ya ke?"

Kawun ya ce, "Shekara 22 ina bin hanyar nan, ban taɓa shiga ba. Sun ce yana da kyau." Ya ja hularsa ya rufe ido. Jirgi ya yi kuka, ya kama hanyar Olantaitambo.