Ni Da Golf Ɗin Baba A Hanyar Mangu

Yau labarin kaina zan ba ku, don har yanzu in na tuna sai gabana ya faɗi.

Baba yana da wata tsohuwar Golf 3, irin ƙirar Jamus da aka fara fitarwa a 1991. Tun da gobarar kasuwar Terminus ta cinye masa shago a 2002 ya koma harkar dankalin turawa, kuma wannan motar ce ke kawo kaya daga Mangu. Da na gama sakandire sai ya miƙa mini makulli. Shi kayan aiki ya ba ni, ni kuwa motar tsere nake gani. Duk wanda ya tashi a Gangare ko Unguwar Rogo ya san yadda samari ke kallon mota ranar ɗaukar amarya, to ni ma so nake a kalle ni.

Na tara kuɗi na shiga Dilimi na sayo rim na Beljiyam, inci 17, a madadin inci 14 da ke jikinta. Da aka gwada sai tayar gaba ta riƙa gogar shakazoba. Wani mai faci ya ce ai abu ne mai sauƙi, ya kawo sifesa, wato faifan ƙarfe mai kaurin milimita 6 da ake sawa tsakanin rim da ƙafar mota don taya ta fito waje. Wallahi ta yi kyau, sai ka ce ba ita ba.

Abin da bai gaya mini ba shi ne, ƙafar Golf noti huɗu ke riƙe ta, kuma kowane zagaye na notin milimita ɗaya da rabi yake shiga. Ke nan faifan ya cinye zagaye huɗu cur, tunda da tsoffin notin ya ɗaure. Kuma akwai wani baki a tsakiyar ƙafar da rim ke zama a kai, faifan ya rufe kusan dukkansa, nauyi ya koma kan noti.

Ranar da na ɗoro buhuna daga Mangu, baya ya zauna, taya na gogar bodi a kowane rami, warin roba ya cika mota. Ban tsaya ba, don kunya. Bayan na wuce Heipang sitiyari ya soma rawa a hannuna kamar mai zazzaɓi. Da na sauka gefe na duba ƙafar gaba, noti ɗaya babu shi, biyu kuma da yatsa na juya su. Nan na zauna kan dutse cikin sanyin nan na Filato, na kasa ko kiran gida.

Bakaniken Baba na Farin Gada ne ya zo. Ya ce in dole sai an sa sifesa, a nemi mai baki a tsakiya da dogayen noti, a sake ɗaure su bayan an ɗan yi tafiya, kuma duk da haka boris zai riƙa mutuwa da wuri.

Baba bai yi faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Cewa kawai ya yi, "Ina tsoffin rim ɗin?"

Na ce, "Baba, na sayar."

Ya ce in sayo su da kuɗina. Wata uku ina biya.